Étude na fiyano: atisaye, nazari ko kiɗan horo?

Mai fassara: Malamai, ina neman Hausar étude, kalmar Faransanci da ake kiran gajerun kaɗe-kaɗen koyon fiyano na ƙarni na 19. Nazari na sa, amma bai zauna mini ba.

Malamin fiyano: Nazari na littafi ne, wannan kuwa aikin hannu ne. Kada kuma ka sa atisaye, don yana da mai shi. Darussa 60 da Hanon, wani malamin fiyano Bafaranshe, ya fitar a 1873 su ne atisaye: hannu biyu na maimaita tsari guda, a hau a sauko, a fara da bugu 60 a minti har a kai 108. Babu mai zama ya saurare su. Étude kuwa kiɗa ne cikakke da aka gina kan matsala guda.

Malama mai jagorar mawaƙa: Gaskiyarka, Malam. Dubi na biyu cikin étude goma sha biyun da Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Poland, ya fitar a 1833. Yatsa na 3, na 4 da na 5 na hannun dama su ke bin maɓallai farare da baƙaƙe a jere, babban yatsa da manuniya na buga rakiya. Yatsa na 4 ba ya ɗaguwa shi kaɗai, don jijiyarsa haɗe take da ta maƙwabtansa. Ɗalibi ya tilasta masa, sai wuyan hannu ya sandare, kafin rabin shafi dantse ya ɗau zafi. Maganinsa a rage gudu, a saki wuyan hannu. Ni dai da na ce wasa yatsu, kamar wasa ƙwaƙwalwa.

Malamin fiyano: A rubuce za a ɗauka wasan yara ne, Malama. Kuma ba yatsu kaɗai ba ne. Czerny, ɗalibin shahararren mai tsara kiɗa Beethoven, gudu ya nufa da étude 40 na Op. 299 (wato aikinsa mai lamba 299), amma 25 na Heller, wani mai tsara kiɗan, a Op. 47 kari da taushin bugu suke koyarwa: inda za a sassauta, inda za a ja numfashi.

Mai fassara: To kiɗan gogewa?

Malama mai jagorar mawaƙa: A'a, sai a zaci goge ake nufi. Kiɗan horo ya fi: hannu ake horarwa, kunne ma haka. Na Hanon su tsaya a atisayen yatsu, irin na Chopin da ake bugawa gaban jama'a a ce kiɗan horo na dandamali.

Mai fassara: Na gode, Malama. Haka zan rubuta.