Kifayen Ado Masu Tsakurar Hannu da Masu Cizo: Me Kuka Gani a Tankunanku?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni fara kiwon kifin ado. Kifayen zinare nake ajiyewa a tankin gilashi, kuma duk lokacin da na tsoma hannu domin in kankare gansakuka ko in gyara zaman duwatsu, sai su yanyame ni suna tsattsakurar yatsuna da bayan hannuna, har gashin damtse ba su bari. Babu zafi ko kaɗan, amma ina so in san ko yunwa ce take sa su haka, ko kuwa takura musu nake yi. Ina roƙon duk wanda kifinsa ya taɓa yi masa irin wannan ya faɗa mana nau'in kifin da yadda abin ya auku.

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, domin kifin zinare ba shi da haƙori a muƙamuƙi. Haƙoransa suna can cikin maƙogwaro, inda yake niƙa abinci, saboda haka abin da kake ji tsotsa ce kawai. Kifi da baki yake bincika duk abin da ya shigo masa, kuma idan ka tsaya ka lura da naka za ka ga suna ɗaukar tsakuwa su jujjuya ta a baki sannan su tofar, to haka suke yi wa yatsanka. Ban da wannan, sun saba ganin hannu yana bayyana a saman ruwa abinci ya biyo baya, har sun haɗa biyun a matsayin abu guda. Kada ka ƙara musu abinci saboda wannan rububin. Kifin zinare ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, ko yanzu ya gama ci zai nuna maka kamar ya kwana da yunwa, kuma yawan abinci ne yake ɓata ruwa ya kashe su.

Mai Oska:
Baba Tsohon Hannu ya yi gaskiya game da kifin zinare, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni oska nake kiwo, wanda asalinsa daga kogunan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma yakan kai tsawon santimita 30. Nawa ba ya jira hannu ya shiga ruwa. Da zarar ya ga na ɗaga murfi sai ya taso ya tsaya daf da saman ruwa yana bin yatsuna da ido, kuma akwai ranar da ya yi tsalle ya kama babban yatsana har gaɓar farko. Ƙananan haƙoransa sun karce fatar, ta yi ja, jini ya ɗan tsattsafo. Abin da ya fi cizon kansa haɗari shi ne firgita, domin mutum yakan fizge hannu da ƙarfi, ya yi sama da kifin ya yar da shi ƙasa, ko ya bugi fitilar tankin. Yanzu da dogon hantsaki nake miƙa masa abinci, a kusurwa ɗaya kullum, kuma na ga ya rage bin hannuna idan ina aiki a ɗaya gefen.

Uwar Kifaye:
Ni abin da na gani ba shi da alaƙa da abinci. Ina da mace da namiji na ƙananan kifayen nan masu ratsin baƙi, 'yan dangin karfasa da suka fito daga Amurka ta Tsakiya, waɗanda tsawonsu bai wuce na yatsa ba sosai. A da idan na sa hannu gudu suke yi su ɓuya a bayan dutse, har ranar da macen ta jera ƙwai a cikin wani kogon tukunya da na ajiye musu. Daga nan komai ya canza. Ratsinsu ya ƙara duhu, suka miƙe ƙayoyin bayansu, kuma da tiyon tsotse datti ya matso kusa sai namijin ya zo a guje ya daki wuyan hannuna, ya koma bakin kogon, ya sake dawowa. Mai neman abinci yakan tsaya yana lalube a hankali, shi kuwa mai gadin ƙwai duka yake kawowa ya ja da baya, kuma ba ya bin hannu idan ya bar iyakarsa. Na daina share wannan gefen har sai da 'ya'yan suka fara iyo da kansu, domin iyayen da aka matsa wa sukan cinye ƙwansu.

Mai Ruwan Gishiri:
Hajiya, naki da sauƙi tunda na lokacin ƙwai ne. Ni kifin ruwan teku nake da su, irin masu launin lemo da fararen ratsi waɗanda ke zaune a jikin wata halitta mai kama da fure mai harbi. Macen, wadda ta fi namijin girma, ta ɗauki rabin tankin a matsayin nata, kuma ta san inda fata ta fi laushi, domin tsakanin yatsu take nema kullum. Ta sha fitar mini da jini, alhali baƙi suna ganinta su ce ita ce mafi kyawun hali a tankin.

Mai Talibambam:
Ina so masu sabon kiwo su bambanta duk waɗannan da talibambam. Haƙoransa huɗu ne da suka haɗe suka zama kamar bakin aku, ba sa daina tsiro, kuma da su yake fasa ɓawon dodon koɗi da kaguwa. Ina jin ƙarar fashewar daga inda nake zaune a ɗaki. Bakin da ke yin wannan aikin zai iya gutsurar tsokar yatsa, shi ya sa ba na sa hannu sai na tsayar da allon roba tsakanina da shi, kuma ba na barin yara su buɗe murfin.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina kiwon ƙananan kifaye, kuma su ma suna tsakurar tabon da ke hannuna, amma abin da nake so in ƙara ya shafi ruwan ne. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum, 'yar'uwar wadda ke haddasa tarin fuka, da ke rayuwa a tankunan ruwan daɗi da na gishiri, kuma tana shiga jiki ta yanka ko karcewa komai ƙanƙantarsu. Ba ta nuna kanta nan take. Bayan makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye da haka, sai wani ƙullutu ja ya fito a yatsa ko bayan hannu ya ƙi warkewa, kuma yana iya jeruwa ya hau damtse. Tana son wuri mai ɗan sanyi, shi ya sa ta fi kama hannu, kuma maganinta yakan ɗauki watanni. Malam Mai Oska da Malam Mai Ruwan Gishiri, duk ranar da jini ya fita ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu nan da nan, kuma idan kurji ya fito ku gaya wa likita cewa kuna kiwon kifi, domin ba kowane likita ne zai kawo wannan a ransa ba idan ba a faɗa masa ba.

Tsohon Hannu:
Allah ya saka da alheri, Malama. Sai dai a lura, sabulun na bayan an gama aiki ne. Kafin a tsoma hannu a ɗauraye shi da ruwa zalla, domin ragowar sabulu, man shafawa ko turare suna cutar da kifi, musamman a ƙaramin tanki.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Malama, akwai ɗan yanka a yatsana a yanzu, kuma lokacin canza ruwa ya yi. Shin filasta ta wadatar?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ba ta wadatar ba, domin takan jiƙe ta saki a cikin ruwa. Ka nemi doguwar safar roba wadda ta wuce gwiwar hannu, marar hoda a ciki, ka keɓe ta ga tankin kaɗai. Idan ba ka samu ba, ka sa wani ya canza maka ruwan a wannan karon, ko ka yi aikin da tiyo daga waje ba tare da yatsan ya taɓa ruwan ba.