Taƙaitawa: amfanin ɗaliban ƙasashen waje ga masu masaukinsu

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan abin da ƙasashe ke ƙaruwa da shi daga baƙin ɗaliban da ke zuwa karatu cikinsu.

1. Kuɗi. Nan kowa ya yarda. A Birtaniya baƙon ɗalibi na biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma da rarar ake tallafa wa bincike da wasu kwasa-kwasan. Ga haya, ga cefane. Amurka kaɗai tana da irin waɗannan ɗalibai sama da miliyan 1.

2. Ilimi. An fi daɗewa a nan, ni ma nan ya fi taɓa ni. Baƙo kan tambayi abin da 'yan gida suka ɗauka ba ya bukatar tambaya, har malami ya sake tunani. An shawarci malamai su riƙa cakuɗa ɗalibai a aikin rukuni, don in an bar su kowa 'yan ƙasarsa zai nema.

3. Zumunci. An kawo misalin Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Lincoln ta Amurka kafin su zama shugabannin Ghana da Nijeriya, don nuna yadda karatu kan ƙulla zumunci tsakanin ƙasashe.

Inda aka rabu: gidaje, wato ko baƙin ɗalibai ne ke jawo ƙarancinsu. Wasu sun goyi bayan Kanada da ta taƙaita bizar karatu a 2024. Wasu suka ce laifin rashin gina ɗakunan kwana ne, ba na ɗalibai ba.