Ranar da kuka fara gane ƙoƙon kunkuru a cikin dutse

Tambayata ga waɗanda suka taɓa fita aikin fili a yankin Sakkwato ko a Nijar ita ce, yaya kuka gane cewa guntun dutsen da ke hannunku ragowar kunkurun ruwa ne mai naɗe wuya gefe?

Tsohon ɗalibin ilimin duwatsu, Sakkwato:
Mu a Dukamaje, wani ƙauye a jihar Sakkwato, aka kai mu, inda laka mai haɗe da jibsam, wani farin ma'adini mai laushi, ta kwanta tun kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, lokacin da teku ya ratsa Sahara ya malale yankin. Na tsinci wani guntu mai faɗi, na ɗauka tsingaro ne, har na yi niyyar jefar da shi. Malaminmu ya karɓa ya juya cikinsa, ya nuna mini wani tabo mai kaushi, ya bayyana cewa a wannan dangi ƙashin ƙugu manne yake da ƙoƙon, saɓanin kunkurun tudu, kuma tabon nan wurin mannewar ne. A ranar na fara jin sunan Sokotochelys, wanda masanin ragowar tsofaffin halittu Halstead ya raɗa wa irin wannan kunkuru na yankin a 1979.

Direba mai rakiyar masu bincike, Agadas:
Ni ban yi karatun ba, amma na sha kai baƙi Gadufawa, a hamadar Nijar. Gutsattsarin ƙoƙon wurin sirara ne ƙwarai, da ƙananan ramuka da zane a bayansu, kuma iska ce ke tone su daga yashi. Idanun baƙi kan tafi ga ƙasusuwan ƙaton kadan nan Sarcosuchus, su taka kunkurun ba su lura ba, abin da har yau yake ba ni haushi. Wani daga cikinsu ne ya gaya mini ana kiran kunkurun Taquetochelys, ya haura shekaru miliyan 100, kuma ɗan'uwansa na kusa, Araripemys, a arewa maso gabashin Brazil aka haƙo shi, domin a wancan zamani Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba.

Malamar firamare, Katsina:
Ban taɓa riƙe na dutse ba. Amma da damina ɗalibaina sun kawo mai rai daga kududdufin bayan makaranta, kuma da na taɓa shi, bai ja kansa ciki kai tsaye ba, sai ya lanƙwasa wuyan gefe ɗaya ya cusa shi ƙarƙashin bakin ƙoƙon. Mun mayar da shi ruwa kafin a tashi.