Na kashe kukis, akwatin imel ya ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum. Don Allah masana ku agaza mini.

Na hana manhajar imel ta kwamfutata sauko da hotunan waje, saboda 'yan talla kan cusa ɗan hoton da ido ba ya gani, da ka buɗe saƙo ya kai musu lokacin da adireshin IP ɗinka. Wannan ya yi. Amma da na kashe kukis gaba ɗaya, tagar shiga ta tsaya cak: in sa kalmar sirri, ta mayar da ni farko. Na rufe manhajar na sake buɗewa, shiru.

Ta yaya zan ba shafin shiga kaɗai izini, sauran su zauna a toshe? Kuma saitin burauza yana shafar manhajar, ko kowa da nasa? Saƙonnin aikina duk suna ciki.