Wai ɗan shekara 16 yaro ne?

Hajiya Mai Koko: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. An kama ɗan ƙanwata, shekararsa 16, kan wata waya da ta ɓace a kasuwar Kejetiya da ke Kumasi. Ya kwana a sel, ba wanda ya kira mu. Da asuba aka ce masa in ya amsa, kafin azahar yana gida. Ya dangwala hannu a takardar Turanci da ba a karanta masa ba. Na same shi yana ta goge tawadar a jikin wandonsa. Yaro ne fa, tsoro ya sa ya amsa!

Kawu Direba: Allah ya kyauta, Hajiya. Amma yaro? Ni ina da 16 nake yaron mota daga Kumasi zuwa Tamale, ina ciyar da gidanmu.

Auta: Kawu, da bakinka ka ce YARON mota 😂

Kawu Direba: Kai, ban da raini.

Malama: A Gana, dokar shari'ar yara ta 2003 ta ce wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma 'yan sanda ba sa yi masa tambayoyi sai a gaban iyaye, mai riƙonsa, lauya ko ɗan'uwa na kusa. Dokar shaida ta 1975 ma ta ce amsa laifi a tsare sai da shaida wanda ba ruwansa da maganar. Waye shaidan, Hajiya?

Ladan: Wanda ya balaga alƙalami ya hau kansa.

Malama: Malam, kotun Gana za a kai shi.

Kawu Direba: Yaran unguwar Aboabo masu gemu, kullum "yaro, yaro".

Auta: Na Asawase fa, waliyyai ne? Dama ɗanka ɗan sanda ne, dole ka kare su.

Kawu Direba: Da ɗan sandan aka yi belin yayanka bara. Ko in faɗi dalili?

Auta: Faɗi mana!

Hajiya Mai Koko: Jama'a, har yanzu yana ciki. Wa ya san lauya?

Ladan: Gemu sunna ne, Kawu, a bar shi gefe.

Shugaban zaure: To, a taƙaice: manya sun nuna ɗan 16 ya san fari ya san baƙi. Malama ta kawo nata na boko, mun gode. Auta zai ba Kawu haƙuri kafin isha'i, ko in fitar da shi. Hajiya, za mu sa yaron a addu'a.

Auta: Shugaba ma ya ce yaron 😂