Muhawara: Wai rubuta buɗaɗɗiyar manhaja sadaka ce?

Mai koke: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara uku ke nan ina kula da wata ƙaramar manhaja da na rubuta na saka a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja ƙarƙashin lasisin MIT, wato kowa na iya ɗauka ya yi amfani da ita ko ya gyara ba tare da biya ba. Aikinta shi ne, idan an ɗora sabon zubin manhaja a kan sabar, wato kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima ta intanet, sai ta riƙa tambayar lafiyarsa duk bayan daƙiƙa goma, idan kuma amsa ta kasa zuwa sau uku a jere, sai ta dawo da tsohon zubin kafin jama'a su farga. Daren Juma'ar da ta gabata, wajen ƙarfe ɗaya, wani kamfani da ban taɓa sanin yana amfani da ita ba ya turo mini saƙo har huɗu, wai manhajata ta ƙi aiki, abokan cinikinsu sun kasa biyan kuɗi, kuma suna jiran gyara kafin asuba. Babu sallama, balle godiya. Na tashi na tayar da janareta na duba, sai na tarar su ne suka sauya tsarin rumbun bayanansu ta yadda tsohon zubin ba zai iya karanta shi ba, alhali gargaɗi a kan haka shi ne sakin layi na biyu a takardar bayanin manhajar. Tambayata ita ce, shin in sauya lasisi ne ta yadda kamfanoni za su riƙa biya? Domin gaskiya na gaji da yi wa masu kuɗi sadaka.

Injiniyan banki: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma kalmar sadaka ba wurinta ba ne nan. Wanda ya yi sadaka ba ya dawowa yana gori, kuma gargaɗi a kan lalata sadaka da gori yana nan a cikin Suratul Baƙara. Ko dai ka bayar don Allah ka yi shiru, ko kuma ka yarda cewa tun farko talla kake yi wa kanka domin masu ɗaukar aiki su ga ƙwarewarka.

Malama mai koyar da kwamfuta: Ni ma ban yarda da kalmar ba, sai dai dalilina daban ne da na Injiniya. Tun lokacin da Richard Stallman ya fara aikin GNU na samar da manhajoji masu 'yanci a 1983, abin da ake magana a kai shi ne 'yancin mai amfani ya karanta rubutun manhaja, ya gyara, ya raba wa wasu. Turawa ne suke ruɗewa saboda kalma ɗaya suke da ita ga kyauta da 'yanci, mu kuwa Hausa ta raba mana su. Abin da ka ba wannan kamfani 'yanci ne, kuma lasisin MIT ɗin da ka zaɓa ya faɗa ƙarara cewa an ba da manhajar yadda take, babu wani lamuni. Da ka kashe wayarka ka koma barci, babu wanda zai ce ka ci amanarsa.

Ɗalibi: Malama, ki gafarce ni, amma ina ganin sadaka ce, har ma mai gudana. Ni da manhajar Yaya na koyi yadda ake duba lafiyar sabar, kuma ban biya ko kwabo ba. Ilimin da ake amfana da shi ai yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa.

Injiniyan banki: To ka ga kai ɗalibi ne, kai ka cancanci sadaka. Kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a kuwa ba ya cikin waɗanda ake ba wa, saboda haka kalmar ta sake faɗuwa.

Tsohon hannu: Kuna ta jayayya a kan suna, kun bar ainihin ciwon. A watan Afrilun 2014 da aka gano ɓarakar tsaro da ake kira Heartbleed a cikin manhajar OpenSSL, sai duniya ta ji cewa manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. A Disambar 2021 aka sake maimaitawa da Log4j, manhajar ajiye tarihin abin da wasu manhajoji ke yi, inda 'yan sa-kai ƙalilan suka hana idonsu barci suna gyara, manyan kamfanoni kuma suna ta aiko musu da tambayoyi kamar ma'aikatansu. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na xz. Mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ya yi shekaru yana riƙe da wannan manhaja ta matse fayil ba tare da albashi ba, har ya fito ya ce ƙarfinsa ya ragu. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amincewa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A ƙarshen Maris 2024 ne Andres Freund, injiniyan da ke aiki a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya bi diddigin jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga sabar ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, shi ne asiri ya tonu. Gajiyar mai kula da manhaja ita ce hanyar da ɓarawo ya bi ya shigo, kuma irin wannan gajiyar ce ɗan'uwanmu yake faɗa mana.

Injiniyan banki: Yallaɓai, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma babu wanda ya tilasta wa kowa. Kamfanin Red Hat ma ai da buɗaɗɗiyar manhaja ya tashi, har kamfanin IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34 a 2019. Wannan ma sadaka ce?

Mai koke: Injiniya, tunda ka nace, bari in tambaye ka. Sabobin wurin aikinka a kan Linux, wanda shi ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, suke gudana ko kuwa? Nawa kuka taɓa tura wa masu kula da manhajojin da kuke jingine da su? Na lura tun da aka fara maganar nan ɓangaren kamfanoni kake karewa.

Injiniyan banki: Ba zan kawo maganar wurin aikina cikin zaure ba. Abin da zan ce kawai shi ne, da wannan kamfani ya yi amfani da Kubernetes, babbar manhajar nan ta tafiyar da manhajoji a kan sabobi masu yawa, da bai buƙaci manhajarka ba sam, domin duba lafiya da komawa tsohon zubi duk suna cikinsa tun asali.

Tsohon hannu: Ga shi nan kuma. Mai sabar uku za ka ce ya ɗauko Kubernetes, kamar wanda ya yi hayar tirela don kai buhun gero ɗaya kasuwa. Kuma ko Kubernetes ɗin ba zai mayar maka da rumbun bayanan da ka riga ka sauya ba, rubutun manhajar kawai zai mayar. Ka sake karanta abin da mai koke ya rubuta.

Malama mai koyar da kwamfuta: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa suka ɗora sabon zubi daren Juma'a, lokacin da rabin ma'aikatansu sun tafi hutun ƙarshen mako. Kullum ina gaya wa ɗalibaina kada su yi haka.

Injiniyan banki: Malama, wannan karatun aji ne. A fagen aiki, wanda ke tsoron Juma'a gwaje-gwajensa ne ba su da ƙarfi.

Malama mai koyar da kwamfuta: Kafin in shiga aji na yi shekara shida ina kwana da wayar kiran gaggawa a gefen matashina, saboda haka ka iya bakinka.

Ɗalibi: Don Allah a yi haƙuri. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa sadaka ce.

Shugaban zaure: Za mu rufe wannan zance haka. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan masu magana sun amince cewa kalmar sadaka ba ta dace ba, kuma Malama ta yi bayani mai gamsarwa a kan bambancin kyauta da 'yanci. An kuma ga cewa sauya lasisi ba mafita ba ce, kamar yadda na sha faɗa a nan: da kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa ta Terraform a Agustan 2023 jama'a suka ɓalle suka kafa madadinta, OpenTofu, da kamfanin Redis ya yi haka a Maris 2024 aka kafa Valkey. Maganar Kubernetes da ta Juma'a a buɗe musu zance na daban.

Mai koke: Ranka ya daɗe, babu wanda ya taɓo maganar sauya lasisi a amsoshin nan sai kai yanzu, kuma mutum biyu ne kawai suka ƙi kalmar. Kamfanin ya sake turo saƙo na biyar ɗazu da la'asar, suna tambayar ranar da zan fitar da gyara. Ban ba su amsa ba tukuna.