Muhawara: Sansani Ko Cikin Unguwa, Ina Ya Dace A Tsugunar Da Masu Gudun Hijira A Kano?

Injiniya Nura: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a gaban jama'a, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, suna shigowa Kano suna ɓacewa cikin unguwannin bakin gari, wasu a kangayen da ba su da rufi, wasu su goma a ɗaki ɗaya, mu kuwa muna yabon kanmu cewa Kano ba ta korar baƙo. A ganina wannan sakaci ne. Abin da ya dace shi ne gwamnati ta ware fili a tsara musu sansani bisa ƙa'ida, domin aikin yana da ma'auni sananne. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997 bayan abin da aka gani a sansanonin mutanen Ruwanda, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, da lita 15 na ruwa a rana, kada masu amfani da masai ɗaya su wuce mutum 20, kuma a bar tazarar mita 30 bayan kowace mita 300 saboda gobara. A faɗa mini kangon da ya cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Injiniya. Lissafinka daidai ne a takarda, amma ka lissafa shi da iyali. Mutum shida a murabba'in mita 3.5 kowannensu ya kama murabba'in mita 21, kuma galibi tamfol ne guda, ba zaure, ba tsakar gida, ba katangar da za ta raba uba da budurwar 'yarsa sai zanin da uwa za ta rataya a igiya. Matan da muke hulɗa da su a wajejen Hotoro da Mariri, waɗanda suka taɓa zaman sansani kafin su iso nan, ba ƙarancin abinci suke fara ambata ba. Tafiya masai da dare suke ambata, da layin karɓar rabo inda mace mai mutunci za ta tsaya da kati a hannu tun safe har azahar. A cikin unguwa kuwa, duk da matsin, wannan tana wankau, waccan tana surfe ko tuyar awara, mijin yana dako a Dawanau ko Kwari, yaro yana zuwa islamiyya tare da yaran maƙwabta. In ka kwashe su ka kai su inda fili yake da araha, ka raba su da kasuwa, to ka mayar da mai neman na kansa mai jiran a ba shi.

Malam Habibu: Ni da aikina awon filaye ne, bari in taɓa wurin da Injiniya ya tsallake. Ƙa'idar da ya ambata ta kuma ce a sansani kowane mutum yana bukatar murabba'in mita 45 in an haɗa da hanyoyi da makaranta da asibiti da kasuwa da sauran abubuwan jama'a. Mutum 10,000 ke nan suna bukatar hekta 45. A ina za a samu hekta 45 kusa da birnin Kano da ba gonar wani ba ce, ko kuma ba a riga an yanka ta fuloti-fuloti an sayar ba? Gaskiya ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, yana iya karɓa don amfanin jama'a, amma sai an biya diyya, kuma manomin da aka karɓe wa gonar gado don a zaunar da baƙi ba zai taɓa kallon su da idon rahama ba.

Abu na biyu shi ne kalmar wucin gadi da ake fakewa da ita. An buɗe sansanin Dadaab a Kenya a farkon shekarun 1990 saboda 'yan Somaliya, har yau akwai mutane a ciki, an haifi 'ya'ya sun haifi nasu. An buɗe sansanin Minawao a Kamaru a 2013 saboda 'yan Najeriya, ya haura shekara goma. Duk wurin da aka shata da niyyar wata shida, ba a barin hanyar mota, ba a haƙa magudanar ruwa ta kirki, ba a ware maƙabarta, sai ya girma ya zama irin unguwannin awon igiya da muke fama da su, inda motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Dakta Sadiya: Ina tare da Injiniya a abu guda wanda ban ji an amsa masa ba. Wanda ya watsu cikin gari ba ya cikin kowane lissafi. Idan aka zo rigakafin ƙyanda ko auna tamowa a jikin yara, mai sansani yana da rajista, ana sanin tanti nawa ne da yara nawa. Matar da ke kango kuwa ba ta cikin ƙidayar asibitin unguwar, ba ta san inda za ta je awo ba, sau da yawa ma tana ɓoye cewa ita baƙuwa ce. Sai dai tara mutane wuri guda yana da nasa haɗarin, domin annobar amai da gudawa da ta ɓarke a Borno a 2017 daga sansanin Muna Garage da ke gefen Maiduguri ta faro.

Injiniya Nura: Dakta, misalin da kika kawo hujjata ce. Muna Garage ba wurin da aka zauna aka tsara ba ne, mutane ne suka sauka suka kakkafa bukkoki, agaji ya biyo su daga baya. Haka ma gobarar da ta kashe mutane a sansanin Ngala a watan Afrilun 2020: a irin waɗannan garuruwan sansani yana cikin ramin tsaro da sojoji suka kewaye gari da shi, ba damar faɗaɗawa, sai a yi ta cusa rumfunan zana da leda jikin juna, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa. Kano ba ta da wannan takurar. Ana iya zaɓar wuri mai ɗan gangare yadda ruwan sama zai wuce ba tare da ya kwanta ko ya yi zaizaya ba, a nisanta ramin masai da rijiya da aƙalla mita 30, a jera gidaje rukuni-rukuni yadda 'yan gari ɗaya za su zauna tare da mai unguwarsu, a sa fitila a hanyar banɗaki. Abin da Hajiya take kuka da shi gyaransa a zane yake.

Barista Maryam: Da izinin manya, akwai abin da zane ba ya gyarawa. Waɗannan mutane 'yan ƙasa ne, ba su tsallaka iyaka ba, kuma sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2009 kuma Najeriya ta tabbatar da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnati nauyin kare su da taimaka musu, har da taimaka wa al'ummar da ta sauke su, kuma ta ce komawa gida ko zama a sabon wuri sai da yardarsu. Saboda haka ba za a iya cewa wanda bai shiga sansani ba ba shi da rabo.

Sannan Injiniya ya duba abin da ya faru a Maiduguri. A 2021 Gwamna Babagana Zulum ya bayyana cewa za a rufe sansanonin cikin birnin, aka rufe sansanin Bakassi a ƙarshen shekarar, wasu suka biyo baya. Gwamnatin tana da hujjarta, cewa zaman jiran tallafi ba rayuwa ba ce, amma da yawa daga cikin mutanen ba su iya komawa garuruwansu ba, suka koma rakuɓe-rakuɓe a gefen gari, wato daidai halin da kake ƙi. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, Bakassin nan aka sake buɗewa don waɗanda ambaliya ta kora. Mazaunin sansani yana nan ne muddin mai mulki ya ga dama, komai kyan layukan da aka ja.

Alhaji Garba: Allah ya yi muku albarka, na saurari kowa. Ku masu cewa a bar su cikin unguwa, ku tuna da masu unguwar. Sauke baƙo ba sabon abu ba ne a garin nan. Sunayen Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi kaɗai sun isa shaida, kuma mu da muka ga farin shekarun 1973 da 1974 mun ga yadda mutanen Nijar suka sauka a nan. Amma ana cewa baƙo raɓa ne, wannan raɓar kuwa ta kwana ta wuni ba ta tashi ba. Tuƙa-tuƙa ɗaya da layinmu yake dogara da ita yanzu ninkin mutanen da aka haƙa ta dominsu ne suke ɗiba, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, ajin firamare ya cika har taga. Talakan da ya raba ɗakinsa biyu ya ba wa ɗan'uwansa Musulmi rabi, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa da ko kwanon masara, sai dai ya ga an zo da mota an rubuta sunan baƙonsa an tsallake shi. Daga nan ake fara gaba. Kuma dole mai unguwa ya san wanda aka saukar masa, saboda halin tsaron da ake ciki.

Hajiya Rabi: Baba Alhaji, wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa nake cewa kuɗin da za a kashe wajen share daji a kafa tantuna a kawo shi layinku. A ƙara rijiyar burtsatse, a ƙara aji, a yashe kwata, kowa ya amfana, baƙo da ɗan gari.

Injiniya Nura: To wurin kwana fa, Hajiya? In kika ce a raba kuɗin haya, ranar da dillalai suka ji labari ranar haya za ta tashi, har ɗan garin da ba a ba shi komai ba ta shafe shi. Kuma in mutum 5,000 suka sauka a dare ɗaya, kamar yadda ake gani bayan an kai hari, ba unguwar da za ta haɗiye su. Makarantu za a buɗe musu, karatun yara ya tsaya. Ko ba komai ana bukatar wurin saukar farko da aka tanada tun kafin a bukace shi.

Malam Habibu: Wurin saukar farko na 'yan makonni ba wanda zai yi musu da shi, amma ba shi ne sansanin da ka buɗe magana da shi ba. Game da haya kuwa akwai dabarar da ta dace da garin nan ƙwarai. A Jodan da Labanan, lokacin da 'yan Siriya suka cika birane, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Norway ta riƙa neman masu ginin da suka kasa ƙarasawa, ta biya a ƙarasa, mai gida kuma ya sa hannu cewa iyalin da aka kawo za su zauna shekara guda ko fiye ba tare da biyan haya ba. Ku zaga Rijiyar Zaki ko Gaida ko Rimin Kebe ku ƙirga ginin da ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a tsakiyar falo, buhunan siminti sun daskare a lungu. Irin wannan kwano da rafta yake nema, da ƙofa da taga da ramin masai. In an yi haka ɗakuna sun ƙaru a gari maimakon a yi ta rububin waɗanda ake da su, mai kango ya samu gida, baƙo ya samu rufi a kusa da kasuwa. Inda kuma ya zama dole a yanka sabon fili, a duba abin da aka yi a jihar Maraɗi bayan 2019, da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka: an matsar da wasunsu nesa da iyaka aka zaunar da su a jikin garuruwan da suke da rai, irin su Chadakori da Garin Kaka, ruwa da asibiti da makaranta na kowa da kowa.

Barista Maryam: Dabarar kango tana tsayawa ne a kan takarda, Malam Habibu. In ba a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu ba, da tsawon wa'adi, da sharaɗin cewa ba za a tashe su ba ko an sayar da gidan, to ranar da aka buga kwano na ƙarshe mai gida zai tuna cewa ɗansa zai yi aure. Kuma yawancin waɗannan kangaye a filin awon igiya suke, shaidar mallakarsu takardar ciniki ce kawai, wani lokaci ma gado ne da ba a raba ba, sai an gama gyara wani magaji ya fito. Dole a tantance mai fili kafin a sauke bulo ɗaya. Ina kuma so a rubuta sunan matar a takardar tare da na mijin, domin iyalai da yawa mace ce take riƙe da su, kuma in mijin ya rasu ko ya tafi neman kuɗi bai dawo ba, kada a ce ba da ita aka yi magana ba.

Injiniya Nura: Ina nan a kan cewa hukumar tsara birane da hukumar agajin gaggawa ta jiha su ware fili su kai masa ruwa tun yanzu. Amma ina da tambaya ga masu dabarar kango: idan shekarar ta cika, garinsu bai zaunu ba, mai gida kuma ya ce haya zai fara karɓa, wa zai biya?

Hajiya Rabi: Shi da kansa, in an bar shi kusa da inda zai yi sana'a a cikin shekarar nan. Wadda ba za ta iya ba, irin tsohuwar da take riƙe da jikoki marayu, ita ce za a ci gaba da biya wa daga zakka ko asusun gwamnati, kuma Baba Alhaji ya fi kowace rajista sanin ko su wane ne a layinsa.

Alhaji Garba: Na san su. Amma kafin a turo mini takardar sa hannu, a fara turo masu haƙa rijiyar.